Baba Sati da Akwatin Ƙarƙashin Tebur

Duk kwamfutar da aka ɗora a gaban Baba Sati, sai ya fara juya ta. Ba ya buɗe murfinta, ba ya duba ko sabuwa ce ko tsohuwa. Bayanta yake juyowa, ya bi kafofin da ake soka waya da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa. Sai ya gama zai ɗago kai ya amsa gaisuwa sosai. Waɗanda suka saba da shi sukan miƙa masa ita a juye tun daga bakin ƙofa.

Shagon na wani ɗan Indiya ne, a layin 'yan kwamfuta na Bur Dubai. Gaba gilashi ne da fitilu da sababbin kaya. Teburin Sati na can ƙurya, bayan kwalaye, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigo, wadda ya tara wa gwangwanin madara. A shekara ta 2010 ya riga ya ba hamsin da biyar baya.

Mutumin Pankshin ne. Yana saurayi ya samu aikin masinja a cibiyar kwamfuta ta wata jami'a a Arewa, lokacin da kwamfuta guda ke cika ɗaki, ana shiga wurinta da rigar sanyi ko a watan Afrilu. Daga kai takardu aka mayar da shi mai huda kati. Malamai da ɗalibai kan rubuta lissafinsu a takarda, shi kuma ya buga shi ya zama huji-huji a jikin kati, a jera a tire a kai wa babbar na'ura. Huji ɗaya ya kauce, ta dawo da tiren gaba ɗaya ba tare da wani bayani ba, mutum ya sake bin layi sai gobe. A nan ya fara kiran irin wannan na'ura Tsohuwa. Yakan ce Tsohuwa ba ta tasowa ta same ka, kai za ka je, ka tsaya inda ta ce a tsaya, ka gaishe ta yadda ta saba.

Da aka daina kati ya koyi gyara, ya buɗe shago a Jos. Shagon ya tafi a shekarar rikici, lokacin da shagunan mutane da yawa suka tafi. Bai cika ba da wannan labarin ba. Wani ɗan kasuwa da yake yi wa gyara ne ya samo masa biza, ya bar matarsa Louisa da yara a gida, ya zo.

Ɗaki ɗaya yake kwana da mutum uku a Al Buteen, unguwa a Deira, tsallaken ruwa, cikinsu har da Dickson, ɗan Kafanchan mai gyaran na'urar sanyi a Ras Al Khor. Kullum da safe yakan sauka bakin ruwa ya hau abra, kwalekwalen haya, ya ƙetare, ya sha shayin karak a tsaye, ya shiga shago. Lahadi ranar aiki ce, don haka sujada ta koma Juma'a. Yakan ce ƙasar ta yi masa daidai ta nan: shi da maƙwabtansa Musulmi rana ɗaya suke goge riga.

A kan kantar da ke saman teburinsa akwai wani baƙin akwatin kwamfuta, irin na ofis, da salatif a gefe an rubuta Stephanie. Autarsa ce, ta shiga jami'a a waccan shekarar. Wata takwas yana haɗa mata shi da kaɗan-kaɗan, yau fanka, wani watan ƙwaƙwalwa. Da gangan ya sa masa tsohon tsarin manhaja, ya zaɓi kayan da ke jure wutar gida, mai tafiya ba sallama. Ya ce mata kafin Kirsimeti akwatin zai iso.

Wata Laraba a watan Oktoba wani mutum ya shigo da jaka a rungume, ya wuce sababbin kaya har ƙurya.

"Sannu da aiki, Baba. An ce mini kai Bahaushe ne."

"An dai ce maka ina jin Hausa. Ja kwalin nan ka zauna."

Sunansa Giɗaɗo, ɗan Yola, mai haɗa magani a wani asibiti. Ya zuge jaka ya fito da kwamfuta sirirriya, launin azurfa, ko ledar murfinta ba a gama ɓarewa ba. Sati ya juya ta. Yatsansa ya bi baya bai sami komai ba, ya bi gefe ya sami ƙananan kafofi biyu.

"Kai, wannan amarya ce. Me ke damunta?"

"Babu abin da ke damunta, Baba. Matsalar ke nan."

Ya yi bayani. Matarsa Asama'u na karatun digiri na uku a wata jami'a da ke bayan gari. Aikinta a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, awon rijiyoyi ɗari huɗu na yankin Gongola na shekara talatin, lissafin da ƙaramar kwamfuta ba ta iya ɗauka. Jami'ar na da babbar na'ura, ana ba kowane ɗalibi kwanakinsa. Asama'u ta jira wata bakwai aka ba ta kwana ashirin da ɗaya. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna. In ta kawo sakamako, a sabunta mata tallafin karatu. In ba ta kawo ba, tallafin ya ƙare, ta koma gida da shekara huɗu a hannu ba takarda. Layin na'urar kuwa a cike yake har baɗi.

"To ta je can mana ta zauna a gabanta."

"Ta haihu, Baba. Yarinyar ta riga lokaci da sati biyar, kuma da tiyata. Likita ya ce ta zauna. Ko da bai ce ba, goggona Hadijatu ta zo daga gida. Ta ce ko gwamna ne ya kira, sai an yi arba'in."

"Barka. Me aka samu?"

"Mace. Najiba."

"Ubangiji ya raya. Kwana nawa suka tafi daga ashirin da ɗayan?"

"Shida."

Sati ya ajiye kwamfutar a hankali. "Ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Babu jami'ar da za ta ba mutum lokaci wurin Tsohuwa ba ta haɗa shi da takarda ba. Shafi biyu, ƙananan rubutu. Kowa ninke ta yake ya sa a jaka."

Giɗaɗo ya buga waya gida. Aka yi ta bincike, ana jin kukan jaririya da muryar wata tsohuwa tana faɗa. Can aka same ta cikin jakar asibiti, tare da katin awo. Filat ɗinsu ba nisa, ya je ya kawo, da wani ɗan makulli mai kama da filashi da jami'ar ta bayar. Sati ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, sannan ya mayar.

"Karanta mini. Gilashina na gida."

Gilashin na aljihun gaban rigarsa. Giɗaɗo ya gani, ya karanta.

Takardar ta faɗi komai. Manhajar da ke buɗe ƙofar babbar na'ura a kan tsohon tsari kaɗai take aiki. Dole a soka makullin nan kafin a shiga. An fi so a haɗa da waya maimakon ta iska, domin in layi ya yanke ana tsakiyar aika aiki, sai a faro daga farko. Akwai kuma wasu maɓallai na layin sama da ake ba na'urar umarni da su. Sati na ji yana kaɗa kai. Amaryar sabon tsari gare ta, ba ta da kafar waya, layin samanta kuma na ƙara sauti ne da haske.

"Wa ya zaɓo ta?"

Giɗaɗo ya kalli gwangwanin madara. "Yayana. Hamma Labaran."

"Ya tambayi da wa za ta yi magana?"

"Ya shiga shago ya ce a ba shi wadda ta fi kowace."

"An kuwa ba shi. To, a nemi wata ta hannu, mai kauri, mummuna. Gobe ta fara aiki."

Daga nan Giɗaɗo ya faɗi sauran. Labaran ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta. Ya zo Dubai lodin kwantena, ya tarar da suna. Ranar sunan, gaban baƙi, ya ɗora kwalin a cinyar Asama'u ya ce ga injin da za ta gama dakta da shi. Yanzu kullum bayan la'asar yana tasowa daga wurin kago ya zo ganin jaririya, ya zauna a falo daura da tebur, ya ce, ya injin? Ranar farko Asama'u ta ce lafiya lau, Hamma, an gode. Daga ranar babu hanyar komawa. Tana buɗe ta in ya zo, ta yi ta duba tsofaffin rubuce-rubucenta. Saura sati biyu kafin ya tafi.

"Kai ba za ka iya gaya masa ba?"

"Baba, ko sunansa ban taɓa kira ba."

Sati bai yi dariya ba. Ya san gidaje irin wannan, a cikinsu ya yi ƙuruciya. Ya ce a bar masa ita.

Kwana biyu ya yi yana gwadawa. Ya sa mata tsohon tsari, tsarin bai gane kayan cikinta ba, ko allon bai haska daidai ba. Ya mayar da nata, ya gina wa tsohon ɗaki a cikin sabon, ya zauna lafiya, amma da aka soka makullin jami'a sai ya yi kamar bai gan shi ba. Ranar Juma'a bayan sujada ya zauna bakin ruwa yana kallon abra na kai da kawowa, ya ga mafita. Ba dole amaryar ta yi magana da Tsohuwa ba. A sami wata tsohuwar kwamfuta ta yi maganar, amarya kuma ta riƙa leƙa allon waccan tana ba ta umarni. Mai zama a falo amarya zai gani.

Asabar da rana Dickson ya ɗauke shi a akori-kurar wurin aikinsu zuwa wani sito a Ras Al Khor, inda ofisoshi ke zubar da tsofaffin kwamfutoci. Suka tarar da wurin a share, sai firintoci da tulin wayoyi.

"Kalas, habibi," in ji mai siton, wato kaya sun ƙare. Ya haɗa Larabci da Turanci da hannu ya ba su labari. Wani Alhaji ɗan Najeriya ya kwashe duka ranar Litinin, guda ɗari da sittin, suna cikin kwantena an sa hatimi.

Dickson, da ya riga ya ji labarin Labaran a hanya, ya dafa mota yana dariya har da tari. "Baba, dogo ne? Tambaye shi ko ɗan Yola ne!"

"Alhazai na da yawa a Deira. Tayar da mota."

Suka leƙa wurare biyu. A ɗaya an sami guda uku, Sati ya juya su, ya kunna, ya sa kunne, ya ce wannan fankar ba za ta kai sati ba, waɗannan kuma sun sha zafi. Abin da zai kwana goma sha biyu a kunne ba a ɗaukar sa da wataƙila. Kwana tara sun tafi.

Da suka koma shago ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon kantar da ke saman teburinsa. Dickson ya bi idonsa.

"A'a, Baba. Kar dai ka ce."

"Sauko mini da shi."

"Wata takwas fa! Mama Louisa za ta cire maka kunne ta waya."

"Aro ne. Kirsimeti da saura."

Ya ɓare salatif ɗin a hankali don kada ya yage, ya kifa akwatin, ya manna shi a ƙasa.

Lahadi da safe, kafin Giɗaɗo ya tafi aiki, suka hau da shi bene na huɗu cikin kwalin firinta. Goggo Hadijatu ce ta buɗe ƙofa, gajeriya, da carbi a wuya da ludayi a hannu.

"Wannan kuma wane ne? Likita?"

"Likitan ƙarfe ne, Goggo," in ji Giɗaɗo.

"Ina kwana, Hajiya. Barka da arziki."

"Lafiya lau. Ku dai kada ku sa mini ita tsayuwa. Mai jego da karatu! A zamaninmu ko tsintsiya ba ta ɗagawa."

"A zaune za ta yi, Hajiya. Ni ma ba na son tsayuwa."

Asama'u ta fito a hankali tana dafa bango, fuskarta duk rashin barci. Ta gaishe shi da Baba, ya amsa da Malama. Teburin na jikin taga, an rufe shi da zane har ƙasa. Sati ya durƙusa da ƙyar, ya tura baƙin akwatin ciki, ya jawo doguwar waya daga na'urar intanet ta bayan kujera, ya soka, ya soka makullin jami'a. Ya ɗage zanen ta wajen bango kamar taƙi guda, ya kama shi da maƙalin shanya.

"Nan kada a sauke. Yana numfashi ta baya. Kada a kashe shi, ko an share ɗaki."

Ya zauna gaban amarya ya yi 'yan danne-danne, fuskarsa kusa da allo. Ya yanki salatif ya manna a saman madannai, ya ba Asama'u biro ta rubuta da hannunta wane maɓalli ne ke tsaye a madadin wane. Sannan ya matsa gefe ya ce ta sa sunanta da kalmar sirri. Allon azurfa ya yi baƙi. Koren rubutu ya fito layi-layi.

"Me ta ce?"

"Ta ce barka da zuwa." Ta matso kusa da allo. "Ta ce saura kwana goma sha ɗaya."

Ta kai hannu za ta aika aikin duka. Ya ɗaga yatsa.

"Rijiya ɗaya tukuna, Malama. In akwai kuskure, gara ta dawo miki da shi cikin minti biyar da ta dawo da shi jibi."

Ta aika ɗaya. Cikin minti huɗu ta dawo da shi, an sa waƙafi inda ya kamata a sa ɗigo. Asama'u ta kalli mijinta. "Abban Najiba, da na aika duka, da kwana biyu sun tafi."

"Au, yanzu na zama Abban Najiba?"

"To da me zan kira ka gaban Goggo?"

Goggo ta dire wa Sati kofin kunun kanwa. Ya ce ai shi ba mai jego ba ne. Ta ce duk wanda ya durƙusa ya tashi da irin wannan nishin, ya sha. Ya shanye.

Laraba ya dawo bayan la'asar don ya duba zafin akwatin, ya tarar da Alhaji Labaran a falo, dogon mutum, jaririya a hannu, ƙafafu a miƙe. Giɗaɗo ya gabatar da shi a matsayin wanda ya saita injin. Alhaji ya ji daɗi, ya ce ai ya gaya musu babu irinta a kasuwa. Yana magana yana ƙara miƙe ƙafa, har babban yatsansa ya daki wani abu a bayan zane. Ya tsaya. Ƙarar fanka siririya na fitowa daga ƙarƙashin tebur.

Ya ɗaga zanen da ƙafa. "Wannan fa?"

Asama'u ta sunkuyar da kai. Giɗaɗo ya shiga gyara hular da ke zaune daidai.

"Ɗan aike ne, Alhaji," in ji Sati. "Na'urar jami'a tsohuwa ce, ba ta san irin taka ba. Taka ke ba da umarni, wannan ya kai saƙo ya dawo da amsa. Kai ma ai ba kai ke ɗaga kwali a wurin kago ba."

Alhaji ya dubi akwatin, ya dubi koren rubutu a kan allon azurfa. Ya saki zanen.

"Haka ne. Ni nuni kawai nake yi." Ya yi dariya, ya juya ga jaririya. "Kin ji, Najiba, injin uwarki har da yaro gare shi."

Da Sati zai tafi, Alhaji ya ce shi ma ya tashi. Suka shiga lif su biyu. Sai da ƙofa ta rufe ya yi magana, idonsa a kan lambobin bene.

"Malam Sati, tawa ba ta yi ba ko?"

"Ta yi, Alhaji. Gaba ta yi da yawa."

"Kwana nawa yarinyar nan ta yi tana ce mini lafiya lau?"

"Ban ƙirga ba."

Lif ya tsaya. Alhaji bai fita nan take ba. "Irin baƙin nan, ɗari da sittin na loda makon jiya."

"Kaya ne masu kyau. Za su yi aiki a gida."

Washegari ya zo kamar kullum, ya zauna, ya ce, ya injin? Aka ce lafiya lau. Sai dai daga ranar yakan naɗe ƙafafunsa, kuma Goggo ta ce ta gan shi sau ɗaya yana gyara maƙalin shanya da ya zame.

Asama'u ta yi aikin tsakanin shayarwa da shayarwa. Ta aika, ta jira, ta karanta, ta gyara, ta sake aikawa. Rijiyoyi ɗari uku da goma ta gama kafin a rufe mata ƙofa, ba ɗari huɗu ba. Malaminta ya kai wa kwamiti haka. Suka sabunta tallafin na shekara guda, da sharaɗin ta ƙarasa sauran, ta kuma sake lissafin wasu, aka sa ta a layin watan Maris da na Yuni.

Giɗaɗo ya zo shago da labarin, ya ce za su dawo da akwatin su nemi nasu.

"Ya san hanya, ya san makullin. Wanda za ku nemo sai an sake koya masa, kuma ba ku san halinsa ba. Ku bar shi inda yake har ta gama."

"Ba ka bukatar sa, Baba?"

"Yana da aiki a hannu."

Kirsimeti ya zo ya wuce. Abin da Louisa ta faɗa a waya, Dickson ya ji rabinsa daga gadonsa, bai maimaita wa kowa ba. Stephanie ta ci gaba da bin layi a shagon buga takardu na bakin makaranta. A watan Janairu Sati ya samo wani fankon akwati, ya yanki sabon salatif, ya rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ya ɗora shi a kan kantar. A bayan wani kwali ya jera abubuwan da ake bukata, guda tara. In ya sami ɗaya, ya ja masa layi.

Wannan karon aikin bai yi sauri ba. Noti kan faɗi ya daɗe yana lalube a ƙasa. Ya sayi fitila ta biyu ya kafa a tebur, daga baya ta uku. Masu kawo gyara suka lura yanzu in ya juya kwamfuta, yatsan kaɗai ke bin kafofin, idon na wani wuri. Bai taɓa kuskuren kafa ba. Amma sababbin da ake kawowa duk irin amarya ne, a manne, da noti kamar ƙwayar gero. Wata rana a abra ya tambayi Dickson ko hazo ake yi. Dickson ya dubi sama, tas take, ya ce e, akwai ɗan kaɗan.

A watan Yuli ya ce wa mai shago zai je gida a duba masa ido, sati shida. Ya goge teburinsa, ya zubar da ruwan gwangwani ya mayar da shi wurinsa, ya jera sukundirebobi daga babba zuwa ƙarami.

Asama'u ta kare aikinta gaban kwamiti a watan Nuwamba. Mako guda bayan haka suka ja baƙin akwatin daga ƙarƙashin tebur, ta kifa shi za ta goge ƙura, ta ga salatif. Ta daɗe tana kallon sa. Suka naɗe shi a bargo suka sauka zuwa layin 'yan kwamfuta, Najiba a kafaɗar ubanta.

Ba kowa a ƙurya. Mai shago ya buga wa Dickson waya, ya zo da kayan aiki a jikinsa.

"An yi masa ido ɗaya, yana gani shwaiya-shwaiya, kaɗan-kaɗan. Ɗayan sun ce sai an jira. Bizarsa ta ƙare a Satumba."

"Wace ce Stephanie?" in ji Asama'u.

Dickson ya sosa ƙeya. "Ya ce kar in faɗa. Autarsa ce, tana aji biyu yanzu."

Giɗaɗo ya ce kwantenar Hamma na tashi ƙarshen wata, kuma motocinsa ta Jos suke bi, sai a sa akwatin a ciki. Ya karɓi lambar Louisa. Asama'u ta ɓare salatif ɗin daga ƙasa ta mayar da shi gefe, inda tsohuwar shaidarsa take.

Sannan ta ɗaga kai. Ɗayan akwatin na nan a kan kanta, bayansa a waje, murfin a jingine da bango. Noti huɗu a cikin kofin shayi. Kwalin na maƙale a gefe, an ja wa abu bakwai layi, layukan ƙarshe sun ɗan kauce daga kan rubutun. Saura fanka da wayar wuta. Mai shago ya ce sau biyu yana son ya sauke shi ya sa kaya a wurin, amma mutumin ya ce sati shida, kuma bai bugo ya ce a taɓa ba.